Da Tukunya Na Bi Yaya Isuhu Har Damagaram

A Babura na gane an yaudare mu, kuma har yau in na tuna da safiyar nan sai raina ya ɓaci.

Sunana Lami. Tuwo da shinkafa nake sayarwa a bakin tashar Kazaure. Yayana Isuhu kafinta ne a Roni. Ɗansa na fari, Nasiru, wani ɗan kamasho ne ya ruɗe shi da aikin gini a Libiya, ya bi ta Babura ya tsallaka Nijar ba tare da ya yi wa kowa sallama ba. Can gaba da Agadas motarsu ta lalace a cikin sahara. Direban ya hau wata motar da ta biyo, ya ce zai kawo musu ruwa, bai dawo ba. Wani da Allah ya yi wa sauran kwana a cikinsu shi ya zo har Roni ya faɗa mana yadda ƙishirwa ta kashe sauran.

Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba. Da zaman makoki ya watse sai ya kira ni ya ce zai taka da ƙafarsa hanyar da yaron ya bi a mota, daga Roni har Damagaram, duk kasuwar da ya tarar ya tsaya ya gaya wa iyaye abin da ke jiran 'ya'yansu.

Na ce, "Yaya, ka bari sanyin nan ya wuce mana."

Ya ce, "Yanzu ake kwasar su, Lami. An gama girbi, samari na zaune. In na jira bazara wa zan tarar?"

Tunda na kasa hana shi, sai na ɗauki ɗawainiyar tafiyar a kaina. Mai doguwar tafiya a ƙasa yana buƙatar wanda zai riga shi isa gari ya gaida mai gari, ya nemi masauki, ya hura wuta, ya ɗora ruwan zafi. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Matan tasha suka haɗa gero da wake da man gyaɗa. Masu gwanjo suka ba da barguna da rigunan sanyi masu kauri. Wani mai kemis ya ba da bandeji da man shafawa da maganin tari. Garba, ƙanin marigayi mijina, wanda ke acaba, ya ce shi da babur ɗinsa nawa ne har mu dawo.

Ana cikin haka sai ga Kwamared Auwalu, shugaban wata ƙungiyar matasa, da waya biyu a hannu da baki kamar an shafa masa zuma.

Ya ce, "Hajiya, wannan ai gwagwarmaya ce, ba aikin mutum ɗaya ba. Ki bar mana. Yaranmu za su riƙa taka wa Baba baya, wasu su gaji wasu su karɓa. Ga mota, ga ma'aikacin lafiya, masauki kuma har Damagaram mun gama magana."

Na yi masa godiya har da hawaye. Da hannuna na loda bargunan nan da rigunan da magani a bayan motarsa. Tukunyata da buhun gero kawai na bari a kan babur ɗin Garba, su ma don ba na son girkina ya yi nisa da ni.

Daga Roni zuwa Kazaure abin gwanin sha'awa. Samari cike da hanya cikin fararen riguna, suna ɗauke da wani babban ƙyalle. Hoton Kwamared ne ya cinye rabinsa, yana murmushi ya ɗaga hannu. Hoton Nasiru yana can ƙasa a lungu, sai ka matso za ka gane mutum ne.

A kasuwar Kazaure Yaya ya fara magana. Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa jin ya kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari, kullum sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ran nan ya hau kan benci ya ce, "Sunan ɗana Nasiru." Ya sake cewa, "Nasiru." Mutanen kasuwa suka matso suna saurare. Ina waigawa na ga Kwamared yana gyara wa mai ɗaukar hoto tsayuwa don shi ma ya fito a ciki.

Da muka doshi Yankwashi jama'a ta fara zubewa. Waɗanda suka rage suna cikin mota da gilashi a rufe. In an hango gari sai su sauko su jera da Yaya a ɗauke su a waya, da an wuce gidan ƙarshe su koma ciki. Ma'aikacin lafiyar kuwa ban taɓa sa shi a ido ba.

Muka isa Babura muka kwana a wani zaure. Da aka idar da sallar asuba na fito ɗora ruwa, ba mota, ba samari, sai sawun taya. Na kira Kwamared, sai da na yi ta kira kafin ya ɗauka.

Ya ce, "Hajiya, ai mun cimma manufa. Saƙo ya shiga duniya, kin ga yawan mutanen da suka kalla kuwa? Tsallaka iyaka kuma wani abu ne daban, ƙungiya ba ta son matsala."

Na ce, "Bargunan fa?"

"Suna ofis a ajiye. Za a raba wa mabuƙata."

Na ce, "Mabuƙacin ga shi nan a gabana yana rawar ɗari! Masu gwanjon da suka ba ni, kai suka ba? Auwalu, ka ji tsoron Allah!"

Ya ce in yi haƙuri, kuma kada in damu da masauki, akwai wani Alhaji Maman can gaba da Magarya da ya ga hotunan ya kira shi da kansa, ya ce gidansa gidanmu ne. Ya turo min lambarsa ya kashe waya.

Na zauna a gaban murhu ina kuka, kukan takaici. Garba ya ce mu koma Kazaure mu ƙwato kayanmu ko da tsiya. Yaya yana ɗaura igiyar takalminsa, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Ni gaba na nufa. Wanda zai koma ban riƙe shi ba."

Muka tsallaka mu uku. A bakin iyaka wani jami'i ya duba takardunmu, ya tambayi dalilin tafiyar. Da Yaya ya faɗa masa sai ya miƙo takardun da hannu biyu ya ce, "Allah ya jiƙansa, Baba."

Sanyin da na sani a gida wasa ne. A can fili ne fetal, ba abin da zai tare iska, tana shiga ƙashi kai tsaye. Ruwan alwala kamar ana yanka mutum da reza. Ni da Garba mukan wuce gaba a babur, hannunsa ya sandare a kan kambu har sai ya tsaya ya cusa shi a hammata. In mun sami gari in shiga in yi sallama, in yi bayani tun daga farko, wani ya saurara, wani ya dube ni kamar mai neman bara. Sannan mu dawo baya mu tarbi Yaya da kunu a cikin jarka da na naɗe da zanena don kada ya huce. 'Yar nairar da ke hannuna da aka canza ta ta koma sefa sai ta zama abin tausayi. Diddigen Yaya ya tsage, faso ya buɗe baki yana jini, ga maganin da aka ba mu domin haka yana kulle a ofishin Kwamared. Duk takun da na ga ya yi yana ɗingishi sai na tsine wa Auwalu a zuciyata.

Kewar gida ta dame ni. Nakan tuna rumfata, da hayaƙin murhuna, da direbobin da ke yi min tsiya a kan nama ya yi ƙanƙanta. Har tsiyar tasu na yi marmari.

Kafin Magarya muka yada zango kusa da wata ruga. Wata tsohuwar Bafulatana ta fito, ta dubi ƙafar Yaya, ta koma. Can sai ga ta da ƙwarya cike da ruwan ɗumi da ta jiƙa bagaruwa a ciki. Ta sa shi ya tsoma ƙafafun, ta goge su da bakin zanenta, ta cika tsagar da man shanu. Hausarta ba ta da yawa. Da Garba ya yi mata bayanin tafiyar sai ta nuna arewa da hannu ta ce, "Nawa ma. Ya tafi. Shiru." Ta shiga bukka ta ɗauko bargonta na saƙa, wanda ita kanta take rufa da shi, ta yafa wa Yaya. Na ce, "Inna, ke fa?" Ta nuna min wutar da ke ci a tsakar rugar, ta kore ni da hannu.

Daga nan abin ya ɗan yi sauƙi. A kasuwar Magarya mutane suka taru suka saurari Yaya, wata mata ta faɗi tana kuka aka ɗauke ta. Wani mai shayi ya ƙi karɓar ko sisi. Wasu dattawa suka raka shi da ƙafa har bayan gari, suka haɗa mu da wani mai amalanke da ya ɗaukar mana tukunya zuwa ƙauyen gaba, can ma aka miƙa mu ga na gaba. Ba wanda ya sa farar riga, ba wanda ya ɗauki hoto. Na fara cewa a raina ashe da sauran mutane a duniya.

Da wannan zuciyar na kira Alhaji Maman.

Garinsa ba babba ba ne, amma gidansa ya fi na kowa, da ƙofar ƙarfe da katanga mai tsawo. Da kansa ya fito tarbar Yaya tun daga bakin gari, da jama'arsa a baya. Ya rungume shi a gaban kowa ya ce, "Lahiya lau kuka iso? Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Abin da kake yi jihadi ne." Bai shigar da mu ciki ba sai da ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo shinkafa da zabi, muka ci duk wanda ya zo wucewa yana kallo. Na lura mutanen garin suna kallonmu wani iri, na ɗauka baƙunta ce.

Da gari ya waye na shiga cikin gida neman garwashi. Matan gidan suka nuna min madafa. Ina tsugune sai na ji magana daga wani dogon ɗaki a can ƙurya, Hausar gida sak, wata na cewa da yanzu tana Gwiwa da ta gama surfe. Na ajiye kaskon na tura ƙofar.

Mata ne cike da ɗakin, da yara ƙanana, kowace da ƙullin kayanta da jarkar ruwa da aka ɗinke da buhu. Ban gama kallonsu ba wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Na riga na gane ta. Rabi ce, 'yar Iya Abu mai daddawa ta Gwiwa, wadda ta taɓa yi min wanke-wanke a rumfa kafin ta yi aure. Mijinta ya rasu bara. Tana riƙe da 'yarta ƙarama da ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Na ce, "Rabi, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Mota muke jira, Gwaggo."

"Motar ina?"

Ta sunkuyar da kai. Wata daga gefe ta ce, "Agadas. Daga can Aljeriya. Alhaji ne ke haɗa mu da direba."

Ban san lokacin da na fito ƙofar gida ba. Alhaji Maman na kan kujera yana shan shayi, Yaya na gefensa a kan tabarma. Na manta da girma, na manta a ƙasar wasu nake.

Na ce, "Kai ne! Kai ne mai tura su! Ka ciyar da mu da kuɗin gawar 'ya'yan mutane!"

Ko gezau bai yi ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Hajiya, ki tambaye su ko akwai wadda na ɗaure. Ƙofata a buɗe take. Su ke zuwa suna roƙona. Ni taimako nake yi."

"To mu me ya sa ka kira mu gidanka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baƙo ai ba a barinsa ya kwana a waje cikin sanyin nan."

Sai da muka shiga kasuwar garin na gane abin da ya shirya mana. Yaya ya hau kan turmi ya fara magana, bai yi nisa ba wani ya ɗaga murya daga baya, "Malam, ba kai ne ka kwana gidan Alhaji Maman ba? Zabin ya yi daɗi?" Aka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kamashonku ne bai cika ba kuka zo kuna wa'azi?" Mutane suka watse suka bar shi tsaye da bargon tsohuwa a kafaɗa. Da farantin shinkafa ɗaya mutumin nan ya kashe mana baki a garinsa. Ni ce kuma na kai Yaya gidan da ƙafata, da lambar da Kwamared ya karɓa bai tambayi ko waye mai ita ba.

Yaya ya sauko daga turmin. Na ɗauka zai ce mu wuce. Sai ya juya ya koma ƙofar gidan Alhaji, ya tsaya a tsakiyar hanya. Muna nan tsaye har rana ta ɗaga, sai ga motar ta zo, buɗaɗɗiya, da sanduna a kafe a gefe don mutum ya riƙe kada ya faɗo. Aka buɗe ƙofar ƙarfe matan suka fara fitowa.

Yaya bai yi ihu ba. Ya ce, "'Ya'yana, ku ba ni kunnenku kaɗan, sannan ku hau." Ya faɗa musu komai yadda wanda ya tsira ya faɗa mana. Yadda ruwa ya ƙare. Yadda suka sha na cikin injin mota. Yadda harshe ke kumbura har mutum ya kasa kiran sunan Allah. Yadda yara ƙanana ke fara tafiya, uwa na riƙe da su ba ta sani ba sai ta ji sun yi nauyi. Yaran Alhaji suka zo za su ture shi, Garba ya shiga tsakani ya ce duk wanda ya taɓa shi sai dai a kwashi gawa biyu.

Mata biyu suka ajiye ƙullinsu suka koma gefe suna kuka. Sauran suka hau. Na riƙe hannun Rabi da ƙarfi.

Na ce, "Ba za ki hau ba. Ki zo mu koma, ki zauna a rumfata."

Ta fizge hannunta, idonta jawur. Ta ce, "In koma in ci me, Gwaggo? Wanke-wanken naki zai ciyar da ni da yara da Iya? Gonar ubansu 'yan'uwansa sun karɓe. Kuna ta cewa kada a tafi, kada a tafi. Wa ya taɓa zuwa ya ce ga abin da za mu zauna mu ci?"

Ta sa ƙafa a taya ta hau. Direba ya tada mota. Sai na ga ta kunce goyonta da sauri, ta miƙo min yarinyar ta saman sandunan.

"Karɓi! Gwaggo karɓi! Ki kai wa Iya. Sunanta Ummi, ba ta cin yaji."

Na cafe ta motar na tafiya. Yarinyar ta ƙwalla ƙara tana miƙa hannu. Rabi ta juya mana baya, ba ta sake waigowa ba har suka sha kwana.

Matan nan biyu Garba ya kai su Magarya ya sa su a motar gida. Ni kuma sauran hanyar da goyo na yi ta. Na daina hawa babur, don iska na sa yarinyar tari, na riƙa takawa tare da Yaya, Garba na wucewa gaba da tukunya. Ashe ya iya dama kunu, ban sani ba. Muka wuce Bande, muka wuce garuruwan da ban riƙe sunansu ba. Yaya na tari, Ummi na kuka tana kiran uwarta, ni kuma ina tafe ina faɗa da mutanen da ba sa wurin: Kwamared, Alhaji Maman, direban da ya gudu ya bar Nasiru, dangin mijin Rabi. Har Yaya ya ce, "Lami, ki bar wa numfashinki wani abu, da sauran tafiya."

Muka shiga Damagaram da hantsi. Yaya ya nufi tashar da ake lodin Agadas, ya tsaya ya yi maganarsa da 'yar muryar da ta rage masa. Wasu suka saurara, wasu suka ci gaba da ɗaure kaya. Yana gamawa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Wasu 'yan dako suka kai shi asibiti, wanda su a can suke kira likita, aka ce sanyi ya kama masa haƙarƙari. Sai da ya yi jinya kafin muka dawo gida a mota. Ya warke, amma har yau in ya ja zarto kaɗan sai ya zauna ya huta.

Ban sauka a Kazaure ba sai da na cika saƙon Rabi. Garba ya kai ni Gwiwa. Muka tarar da Iya Abu a tsakar gida tana shan hantsi, ta rame, ga sauran yaran Rabi biyu a gefenta suna lasar kwanon da ba komai a ciki. Na gaishe ta, na sauke Ummi na ajiye a gabanta, na faɗa mata inda na ga 'yarta. Na shirya rarrashinta, don na ɗauka ba ta san Rabi ta tafi can ba.

Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce, "Ta dai samu ta hau motar ko?"

Na ce, "Iya, kin san da tafiyar?"

Ta ce, "Ni na sayar da akuyata na ba ta na mota." Ta share ido da gefen zane. "An ce masu goyo sun fi samun sadaka a can. Yanzu da kika raba ta da yarinyar, da me za ta roƙa?"

Duk faɗan da na yi ta tanadi a hanya ya tashi a banza. Na dubi tsohuwar, na dubi kwanon da ke hannun yaran, na rasa wanda zan zaga. Na ce wa Garba ya sauke ragowar geron da ke kan babur ya shigar mata ɗaki.

Ummi ta tako ta kama ƙafata. Na sunkuya na ɗauke ta, na mayar da ita bayana na ɗaure zanen tamau.

Na ce, "Iya, wannan tana wurina har uwarta ta dawo."

Ba ta ce a'a ba. Har yau Rabi ba ta kira kowa ba. Ummi tana nan a rumfata, ta yi wayo, kuma kullum sai na raba tukunya na yi mata miyarta daban.